Dalma da Hancin Aro

A shekarar da hancina ya mutu na koyi soda. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, sai ya ɗauka wasa nake yi, alhali kuwa gaskiyar ke nan.

Lokacin muna zaune a Abu Hamour, a wani ɗan gidan bene, ba nisa da kasuwar kayan gwari. Karatun digirin digirgir ne ya kawo maigidana Doha, yana bincike a kan yadda ake tace ruwan teku ya zama na sha. Ni kuwa biyo shi na yi, da 'ya'yanmu mata biyu. A gida, a Funtuwa, malamar makaranta ce ni, ina koyar da labarin ƙasa a sakandaren 'yan mata. A nan kuma katin zamana ya nuna a ƙarƙashinsa nake. Ba aji, ba alli, ba ɗalibai. Bai daina kirana Malama ba, kamar yadda ya saba tun muna gida, ni ma Malam nake ce masa, amma akwai ranakun da in ya kira ni haka sai in ji kamar da wata yake.

Da annoba ta shigo aka rufe komai. Ladan zai kira salla, ya ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. A gidanmu ni ce na kamu, ban san a ina na kwaso ba. Na yi kwanaki a kulle a ɗakin yara, ana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Zazzaɓi ya tafi, tari ya lafa, amma hanci ya ƙi dawowa. Ranar da na fito na buɗe robar daddawar da na zo da ita daga gida, na cusa hancina ciki. Kamar na shinshina ruwan famfo.

Muna da wani agogon bango mai kiran salla, irin wanda ake sayarwa a kowane kanti a garin. Wata rana yaran suna guje-guje a falo, don ba inda za su je, suka bangaje shi ya faɗo. Lambobinsa suna nan suna tafiya, amma ya daina magana. Malam ya jujjuya shi, ya ce, “A ajiye shi gefe. In an buɗe kantuna sai a sayi wani. Nan garin ba a gyara irin wannan.”

Bai yi ƙarya ba. Kullum in na leƙa ta taga ina ganin abin da mutane ke jinginewa a jikin kwandon shara: fanka, talabijin, tukunyar lantarki, wasu ko ƙura ba su yi ba. Amma ni ban ajiye shi gefe ba. Na samo ɗan sukudireban da ke cikin gidan tabarau, na kwance bayansa. A ciki na ga wani ɗan koren faifai mai huje-huje, wanda masu gyara ke kira fanel, da wasu 'yan abubuwa masu ƙafafun waya a tsaitsaye a kansa kamar tsuntsaye a kan katanga. Wata jar waya ta cire tana lilo. Na ga ma wurin da ta ciro, wani ɗan ɗigo mai ƙyalli. Na danna bakin wayar a wurin da farcena, na taɓa maɓalli, sai ga murya ta fito tana kabbara. Na saki, ta yi shiru.

Na gwada salatif, ya ƙi. Na gwada gam, ya ƙara ɓata wurin. Abin ya tsaya min a rai. Tun ina yarinya in an aike ni kasuwa nakan tsaya gaban rumfar mai gyaran rediyo ina kallon hayaƙin da ke tashi daga bakin ƙarfensa, har sai ya ce min, “Wuce, yarinya, nan ba wurinku ba ne.” Ni kuwa sai in wuce. Wannan karon ba mai cewa in wuce, duniya ma duk a kulle take.

Na shiga kallon masu koyar da soda, wato liƙin kayan lantarki da dalma, a waya. Na yi odar ƙarfen soda, da naɗin dalma siririya kamar zaren ɗinki, da wani ɗan fanel na koyo wanda in an haɗa shi daidai ƙananan fitilu za su riƙa kamawa a zagaye suna bin juna. Mai kawo kaya ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi. Malam ya ga ina kwance kwalin, ya yi dariya, ya ce, “To, sannu injiniya.”

Aikin a baki ba wuya. Kowane abu yana da ƙafafu, ka zura su ta cikin hujin da aka zana masa, ka ɗan tanƙwara su ta baya kada ya zame, ka kifa faifan, ka liƙe kowace ƙafa da dalma, ka datse abin da ya yi saura. A hannu kuwa wani abu ne daban. Da farko sai in narka dalmar a bakin ƙarfen, in ɗauko ta in shafa a wurin kamar mai sa lalle. Tana zuwa sai ta dunƙule ta yi duhu, ta zauna a kan ƙafar kamar kashin akuya, in na taɓa da yatsa ta gangaro. Na daɗe kafin na gane ba dalmar ake gasawa ba. Ƙafar da ɗan zoben tagullar da ya kewaye hujin, su ake ɗora wa bakin ƙarfe su ɗauki zafi tare, sannan a kawo dalmar ta ɗaya gefen. Da kanta za ta narke ta bi ta kewaye ƙafar. A janye dalma, a janye ƙarfe, kada a hura, kada a motsa. Ranar da na fara samun mai kyau na daɗe ina kallonta. Ta tashi tsaf, mai faɗi a ƙasa, mai tsini a sama, tana sheƙi, kamar dalar gyaɗa da aka mayar 'yar mitsitsiya.

Kwaɓa kam na yi ta. Na haɗe ƙafafu biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Na sa wani ɗan gwangwani da ake kira kafasito a juye, ina jona batir ya fashe da ƙara, ƙaramar 'yata ta ruga bayan kujera. Guntayen ƙafafun da nake datsewa suna tsalle su ɓuya cikin kafet, sai mutum ya taka ya ji. Duk wannan Malam ya yi ta haƙuri da shi.

Wata rana da hantsi yana ɗaki yana taro da malamansa ta kwamfuta, ni ina ƙasa a falo da ɗan teburina. Na kai hannu in mayar da ƙarfen mazauninsa, idona yana kan waya, ashe gefensa na ajiye. Ya gangara ya faɗi a kan kafet, a kan bakin zanina. Ban gani ba, ban kuma ji komai ba. Sai ganin Malam na yi ya fito a guje, abin sauraro yana rataye a kunnensa ɗaya.

“Malama! Wuta!”

Kafet ya ci rami kamar tafin hannu, bakin zanina yana hayaƙi, ga ƙaramar tana kwance kusa da ni tana zane. Ya fizge wayar daga soket, ya tattake wurin da silifa. Ya jira ƙarfen ya huce. Sannan ya naɗe wayar a jikinsa, ya kai shi ɗaki, na ji ƙarar zif ɗin akwatinsa.

Da yamma bayan yara sun ci abinci na same shi.

“Malam, ƙarfena nake so.”

“Ba raina ki na yi ba,” in ji shi. “Amma ba kya jin wari. Yau da ban ji ba fa? Gidan nan na haya ne, ga yara.”

“Gas ɗin girki ma ba na jin warinsa. Ban ga ka hana ni shiga kicin ba.”

Ya cire tabarau ya goge. Can ya ce, “Girki dole ne. Wannan kuwa wasa ne.”

Da ya tsaya a maganar wuta da wataƙila na haƙura, domin ni ma tsoro yana kama ni in na tuna yadda yarinyar take kwance. Amma kalmar wasa ta shige ni. Na bar aji cike da 'yan mata na biyo shi, na zauna tsakanin bango huɗu ina wanke-wanke, abu ɗaya da na samu wanda kaina ke aiki a kansa, shi ne wasa.

Na kira mahaifiyata na gaya mata, ina zaton za ta goya min baya. Ta saurara har na gama, ta ce, “Ke dai ki yi haƙuri. Me ya haɗa ki da kayan wuta? Ga saƙa, ga ɗinki, ko cincin ki riƙa yi. Mijinki ya fi ki gaskiya.”

Na ce to, don ba a musu da uwa. Amma da na ajiye wayar na koma wurin Malam na ce, “Ba zan taɓa akwatinka ba. Sai dai ranar da aka buɗe kantuna zan je in sayo wani. Ina gaya maka tun yanzu, kada ka ce na yi a ɓoye.”

“Ba a cikin gidan nan ba,” ya ce.

“Na ji.”

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce 'yar Kumasi ta ƙasar Gana, daga unguwar Zango. Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Girki take yi a wata makaranta, makarantar kuma a rufe, don haka ita ma tana gida tare da wasu mata da suke haɗa haya. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya na saba. Muna gaisawa daga ƙofa zuwa ƙofa, kowa da takunkuminsa, na ba ta labari.

Ta ce, “Hanci ne kawai matsala? Ɗan Najeriya, ni hancina ko shinkafa ta kama a bene na ƙasa sai na ji. Kawo kayanka nan waje. Kai ka yi aikinka, ni na zama hancinka.”

Da aka sassauta kulle na shirya na fita. Sai da na nuna wa mai gadi manhajar annoba a wayata ta yi kore, alamar ba ni da cutar, kafin ya bar ni na shiga layin masu sayar da kayan lantarki. Mai kantin ya dube ni, ya dubi bayana ko akwai wani, ya tambaye ni da guntun Turanci da guntun Larabci ko maigida ne ya aiko ni. Na ce ni na aiko kaina. Ya miƙo min wani ƙarfe marar nauyi irin na farko. Na tura masa abinsa, na nuna wanda ke sama, mai maɓallin rage zafi da mazauni mai nauyi wanda ba ya gangarawa. Na ƙara da mita ta gwada wuta da ɗan famfon zuƙe dalma. Ya zuba a leda yana ta kallona, ya ce, “Khalas?” Wato shi ke nan? Na ce khalas.

A ƙarshen barandar da ke tsakanin ƙofofinmu akwai taga da soket ɗin da mai shara ke amfani da shi. Nan na kafa teburina, a kan tayil, ba kafet ba zani mai ja. Yaya takan kawo kujerar roba ta zauna can nesa da ni, da tiren wake a cinya tana tsincewa. Takunkuminta kullum a ƙasan hanci yake, in na yi magana ta ce hanci yana bakin aiki. Ba esi a wurin, zafin Doha kuwa ba ya wasa. Zufa tana bin gwiwar hannuna tana ɗiga, tabarau yana zamewa. Duk da haka kullum bayan la'asar ina wurin.

Tana aikinta kuwa da gaske. Sai ta ɗaga kai ta ce, “Roba na ƙonewa.” In duba, ashe gefen ƙarfen ya taɓa rigar wata waya. Ko ta ce, “Wannan ƙamshin man soda ne, ci gaba.” Har ta fi ni sanin lokacin da ƙarfen ya yi zafi da yawa.

Malam yana wucewa ta gabanmu in zai fita, ya gaida Yaya, ya wuce. Kwanaki muna magana sama-sama, daga ina kwana sai ga abinci. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Wata rana na fito da kayana na tarar da wata 'yar jar tukunyar kashe gobara a jingine a ƙarƙashin tagar, sabuwa, ko ledarta ba a cire ba. Yaya ta ce ba ita ba ce. Ban tambayi Malam ba.

Ranar da na gama fanel ɗin koyo na jona batir, fitilun suka kama suna zagayawa, sai guda ɗaya da ta ƙi. Na sa ta a juye ne, doguwar ƙafa a hujin gajeriya. Na zuƙe dalmar, na ciro ta, na juya. Da zagayen ya cika sai Yaya ta ajiye tire ta yi guɗa, har mai gadi ya leƙo daga ƙasa.

Sannan na ɗauko agogon. Na kankare gam ɗin da na shafa, na shafa wa bakin jar wayar dalma, na ɗora, na taɓa da ƙarfe. Abin da ya hana ni sakat tsawon watanni, ko numfashi biyu ban yi ba ya kama. Sai dai da na mayar da batir ashe ya manta garin da yake, tun rana ba ta faɗi ba ya rangaɗa kiran sallar magariba. Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ce limamin nan ba za ta bi shi ba.

Hancina ya dawo ne da sanyi ya shigo, ba sanarwa. Ina liƙa wata waya a jikin fitilar caji ta wata maƙwabciya, hayaƙin ya taso ya bugi fuskata, sai na ji wani abu can nesa, kamar ƙaron da ake zubawa a turaren wuta, da ɗan ɗaci a bayansa. Na ajiye ƙarfen a mazauninsa, na sake shaƙa. Yaya ta ce lafiya? Na ce, “Yaya, na ji.” Ta ce, “To an kore ni daga aiki ke nan.” Amma gobe ma sai ga ta da kujerarta.

Da na gaya wa Malam, ya yi hamdala, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohon ƙarfena, wayarsa a naɗe yadda ya naɗe ta. Ya ajiye a gabana ya ce, “Yanzu kam ba ni da ta cewa. Ki dawo ciki, waje ba daɗi.”

Na ce, “Malam, ko bai dawo ba da ban daina ba.”

“Na sani,” in ji shi.

Ban koma ciki ba. Na saba da barandar, kuma a can mutane suke samuna. Matan gidan suka fara kawo min abubuwa: rimot, fitila, abin wasan yara, fedar keken ɗinki. Wasu na gyara, wasu na ƙarasa kashe su na ba da haƙuri. Waɗanda suka mutu murus nakan ciro kayan cikinsu masu kyau in tara a gwangwanin alewa.

Ana haka gasar ƙwallon duniya da za a yi a ƙasar ta matso. Gana ce ta fitar da Najeriya a wasan neman gurbi, Yaya kuwa ta yi sati tana gaishe ni da “sannu da haƙuri”. Ba a daɗe ba mai gidan da muke haya ya aiko cewa kowa ya nemi wuri, baƙi masu zuwa kallo za a zuba a ginin. Muka watse. Mu muka samu wuri a Al Wakrah, kusa da teku, inda da safe ake jin ƙarnin kifi daga mashigin jiragen ruwa, ni kuwa har daɗinsa nake ji. Ranar tashi Malam ya dubi kwalin da na cika da matattun fanel ya ce mota ta cika. Na ɗauke shi na ɗora a cinyata har muka isa. Yaya ma Al Wakrah ta dawo, wani babban gida da aka yayyanka ɗaki-ɗaki, kusan duk mutanen Gana ne a ciki.

Ranar da Gana za ta buga da Koriya, da safe ta kira ni.

“Ɗan Najeriya, yalla, yi maza, zo da kayanka. Talabijin ya mutu, kuma gidan nan duka a wurina za a yi kallo.”

Na tarar da tsakar gidan cike, an rataya tuta a igiyar shanya, ana ta dahuwar shinkafa da wake a babbar tukunya. An fito da talabijin ɗin an ɗora a tebur. In an kunna, 'yar jar fitilarsa ta ƙifta, ya yi ƙas, ya mutu. Akwai wani dattijo a gidan, direban babbar mota, ya daɗe a ƙasar, shi ake jin maganarsa. Ya riga ya zagaya da talabijin ɗin wurin masu gyara, kowa ya ce sai bayan kwanaki. Ya dube ni daga mayafi har takalmi, ya dubi jakata.

“Hajiya, wannan ne mai gyaran?” ya tambayi Yaya. “In ya ƙarasa shi fa? Gara mu bar shi mu kai wa masu abin.”

“Talabijin nawa ne,” in ji Yaya. “In ya ƙarasa shi, nawa ya ƙarasa.”

Ban taɓa buɗe talabijin ba, amma ban faɗa ba. Na kifa shi a kan bargo, na kwance bayan, na ɗaga a hankali. Na bi wayar wuta har zuwa fanel ɗin da take shiga. Akwai wani ƙaton kafasito a wurin wanda na san yana riƙe wuta ko an cire soket, sai da na gwada shi da mita na sauke abin da ya rage a cikinsa kafin na kai yatsa. Kusa da shi ga wasu ƙanana a jere, kawunansu sun kumbura kamar gwangwanin tumatirin da ya lalace. Zuciyata ta ɗan kwanta. Irin wannan na sha gani a ƙananan kaya.

Ciro su ne ya ba ni wuya. Dalmar kamfani tauri gare ta, ta ƙi narkewa. Mutane sun kewaye ni, kowa yana numfashi a wuyana, direban yana duba agogon hannunsa yana tsaki. Na kai yatsa inda bai kamata ba, ƙarfen ya lashe min shi. Wani ya ce, “Ka gani ko.”

Na ɗago na ce, “Malamai, kuna tare min haske. Duk wanda ba zai riƙe min tocila ba ya matsa.”

Suka ja baya. Na zuba sabuwar dalma a kan tsohuwar, suka narke tare, na zuƙe, ƙafafun suka fito. Na zazzage gwangwanin alewata a kan tire, na tsinci masu lamba daidai da waɗanda na cire. Na zura kowanne ina duba gefen da ke da zane kada in juya shi, na liƙe, na datse. Na mayar da fanel, na rufe, na ɗaura. Yaya ta jona soket da bisimilla.

Hoto ya fito tar, ga filin wasa kore shar. Tsakar gidan ta kaure da ihu. Sai kuma ihun ya fara raguwa, domin bakin mai sharhi yana motsi amma ba abin da ke fita. Aka ƙara murya har ƙarshe, shiru.

“Rabinsa ya gyara,” in ji direban.

Na ce a ba ni ɗan lokaci in sake buɗewa. Ina! 'Yan wasa sun riga sun jeru, ba wanda zai yarda a kashe. Wani ya kunna sharhi a wayarsa ya jefa cikin kwano don ƙarar ta ƙaru. Sharhin yana bayan hoton, sai mu ga ƙwallo ta shiga raga, gida ya hargitse, mata suna buga murfin tukunya, shi kuwa mutumin da ke cikin kwano yana can tsakiyar fili yana ba da labari a natse. Gana ta ci wasan ranar, da ƙyar. Ni ina gefe da yatsana cikin kofin ruwan sanyi. Na yi niyyar ba zan taya su murna ba, amma da ƙwallon ƙarshe ta shiga na tsinci kaina a tsaye. Duk da haka rabin hankalina yana bayan talabijin ɗin, ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya a kaina.

Washegari da safe, bayan na sallami yara, na koma. Gidan shiru, yawanci sun tafi aiki, sai ledoji da kofuna a tsakar gida. Na kwance bayan talabijin ɗin a ɗakin Yaya, ina ɗagawa na gani. 'Yar wayar lasifika ce take lilo. Ni na zare ta jiya don in samu hanyar ciro fanel, cikin sauri na rufe ban mayar ba. Na tura ta mazauninta, ta yi ƙas. Da muka kunna, muryar da aka ƙure jiya ta fashe a ɗakin, Yaya ta toshe kunne tana salati.

Ƙarar ce ta fito da direban daga ɗakinsa, ranar ba shi da aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Bai ce sannu ba. Ya koma, ya dawo da wata tsohuwar waya a hannu, ya ce ta daina caji, akwai hotunan jikokinsa a ciki.

Na buɗe ta a kan tire. Ba huji ko ɗaya, ba ƙafa ko ɗaya. Kayan cikinta ƙanana ne kamar riɗi, a manne a saman faifan, bakin ƙarfena ya fi kowannensu girma sau da yawa. Na juya ta a hasken taga, na sake juyawa.

“Wannan ban iya ba,” na ce masa.

Ya yi murmushi, ya miƙo hannu. “Ashe akwai wanda ba ka iya ba.”

“Suna da yawa, Alhaji. Amma ban ce ka ɗauka ba. Ba zan taɓa ta ba sai na koya a jikin wasu matattun, hotunanka ba abin da zai same su. Ka ba ni zuwa bayan azumi.”

Ya dubi Yaya. Yaya ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da tattara kofuna. Ya ɗan tsaya da hannunsa a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu. Na naɗe wayar a hankici na sa a jaka, na tambayi Yaya ko akwai sauran shinkafar jiya.